Ƙuli na jinyar ajali, Gyaɗa ba ta rabuwa da shi: ya zan yi da ita idan ya tafi?

Maman_Khalifa_Leeds
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san wasu za su yi dariya, amma ku daure ku karanta. Muna da wasu 'yan dabbobi biyu a gida, feret ake ce musu a nan Ingila. Ga wanda bai taɓa gani ba: jiki dogo, ƙafafu gajeru, kamar an kama mage an ja ta ta miƙe, ido kuma kamar an ramɓaɗa masa kwalli. Shekara 4 ke nan da muka karɓo su daga gidan da ake kai dabbobin da masu su suka kasa riƙewa, bayan Khalifa ya ishe ni da naci. Ma'aikatan suka ce ko mu ɗauki biyun ko mu bar su, ba a raba su. Namijin Ƙuli, macen Gyaɗa. Khalifa ne ya raɗa sunan, kar a tambaye ni.

Ƙuli ya kai shekara 7 yanzu. Bara aka gano yana da ciwon daji, irin wanda ake kira limfoma. Ana ba shi maganin Prednisolone, ya ɗan farfaɗo na wasu watanni, amma yanzu ya koma gram 900 daga kilo 1.4, ƙafafun baya ba sa ɗaukarsa. Likita ta ce mu yanke shawara cikin makon nan kan yi masa allurar da za ta ƙare rayuwarsa ya huta.

Damuwata Gyaɗa. Tun da ya kwanta ta daina ɓarnarta, sai dai ta naɗe jikinta a nasa tana lasar kunnensa. Ran da ya kwana ɗaya a asibiti, ba lungun da ba ta shiga ba, har bayan firji, kuma ba ta taɓa abinci ba sai da ya dawo. To ina ga ya tafi ke nan? In nuna mata gawar? In wanke tsummokaransu ko in bari? In samo mata wani? Wanda ya san wani abu ya taimaka.

Sarkin_Tsokana
Ikon Allah sai kallo. Muna nan muna lissafin kwanon masara, ku kuna can za ku yi wa ɓera zaman makoki. Hajiya a sanar da mu ranar sadakar uku.

Hajjo_Columbus
@Sarkin_Tsokana ba ɓera ba ne, shi ne ma dodon ɓera. Nama zalla yake ci. Turawan karkara sun daɗe suna zura shi cikin rami ya koro musu zomaye. Maman Khalifa, sannu. Na riƙe guda uku a nan Ohayo, na rasa biyu, don haka na san inda kike. Amsa ta farko: ki nuna mata. Zan dawo in yi bayani in na tashi daga aiki.

Ɗan_Zinder
Ni dai daga hoton da kika sa, wannan ai bodari ne aka yi wa wanka. Ba ya tusar nan mai korar gari?

Likita_Binta
@Ɗan_Zinder ba ka yi nisa ba, danginsu ɗaya da bodari. Asalinsa wata dabbar daji ce ta Turai da mutane suka mayar ta gida fiye da shekara 2,000. Yana da warinsa kam, in ya firgita kuma yakan saki na musamman, amma bai kai na bodari ba.

Maman Khalifa, ni likitar dabbobi ce, a Zariya na yi karatu, yanzu ina aiki a nan Ingila, kuma muna ganinsu a asibitinmu. Ba zan tsallake likitarku ba tunda ita ta taɓa Ƙuli da hannunta, amma ga abin da nake gaya wa masu irin wannan hali.

Ki tafi da Gyaɗa ranar, ko ki roƙi a ba ki gawar ki kawo gida. Ki shimfiɗa tawul a inda suka saba, ki ajiye shi, ki bar ta ta zo da kanta. Kar ki tura ta, kar ki ɗauke ta da wuri. Ba zan ce miki mun san abin da ke cikin kanta ba. Abin da masu kiwo suka daɗe suna lura da shi dai shi ne wadda ta sansana gawar ba ta cika yin wannan neman na bayan firji ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne cikinta. Hanjinsu gajere ne, abinci kan ratsa ya fita cikin awa 3 zuwa 4, shi ya sa suke ci kaɗan-kaɗan duk yini. Kare zai yi kwana biyu yana fushi da kwano bai galabaita ba, feret ba ta da wannan ajiyar. Ki fara auna ta tun yau a sikelin kicin, kullum da safe, ki rubuta. In ta yini ba ta ci komai ba, kar ki jira ta kwana biyu, ki kira asibiti.

Maman_Khalifa_Leeds
Allah ya saka da alheri Likita. Na auna ta yanzu, gram 780. Ta ƙi tsayawa, sai da na sa ta cikin kwanon kwaɓa fulawa.

Bello_Mambila
Masu cewa dabba ba ta san rashi ba, ba su yi kiwo ba. Ina yaro a rugar kakana, in maraƙi ya mutu uwar takan kwana tana kuka har muryarta ta dushe, nono kuma ya ƙi sauka ko an matsa. Abin da tsofaffi ke yi, sai a feɗe maraƙin, a cusa ciyawa cikin fatar, a shafa mata ɗan gishiri a kawo gaban uwar. Tana sansanawa tana lasa, sai nono ya zubo. Da idona na gani. To ni a nawa, kar ki wanke tsumman nan. Hanci ne idonsu.

Ummu_Sultana
Amma Malam Bello wannan ai yaudara ce aka yi wa saniyar don a samu nono, ba lallashi ba. Ita Likita cewa ta yi a nuna wa Gyaɗa gaskiya. Ta ga gawa, sannan kuma a bar mata warinsa a gado? Ba zai rikita ta ba?

Bello_Mambila
Hajiya ke da kika rasa mahaifi, kin ga gawarsa, amma kin jefar da hularsa?

Ummu_Sultana
Ka gama da ni. Tana cikin akwatina har yau.

Hajjo_Columbus
Na dawo. Da na farkon ya mutu a asibiti, ban san komai ba, na bar shi can na dawo hannu rabbana. Abokin zamansa ya yi kusan sati uku yana zagaye gida, ya leƙa cikin takalmi, ya tono ƙarƙashin kujera, ya je bakin ƙofa ya kwanta shame-shame kamar an taka shi. Da na biyun ya zo tafiya, na kawo gawar gida. Wadda ta rage ta sansana shi daga kai har wutsiya, ta yi ƙoƙarin tashinsa, ta gaji ta tafi. Ta yi sanyi na kwanaki, amma ba ta yi neman ba.

Tsumma kuwa, na bar ɗaya ban wanke ba, sauran na wanke. Warin da kansa yake gushewa a hankali.

Sai kuskuren da nake roƙonki kar ki yi. Tausayi ya ɗebe ni, sati ɗaya da rashin farko na shiga wani shago na sayo 'yar ƙarama 'yar wata uku, na zuba su keji ɗaya a daren. Bayan kwana biyu tsohon ya fara zawo kore shar mai yauƙi. Ashe ƙananan kan zo da wata cutar hanji da ba ta nuna a jikinsu, sai ta kayar da manya. Sai da aka yi masa ƙarin ruwa, na yi sati ina ɗura masa abinci da sirinji. Ga shi yarinyar ba ta barinsa barci, kullum cizo da kokawa. Na je neman gira na kusa rasa ido.

Baffa_Mai_Tantabara
Ni ban yarda da jinkirin nan ba. Shekara 30 ina kiwon tantabara a Kano. In shaho ya ɗauke mace, namijin zai zauna bakin tukunya yana ta guɗa, ya rame. Maganinsa ɗaya, a haɗa shi da wata, a rufe su kwana kaɗan, shi ke nan ya manta. Dabba ba ta takaba. Kaɗaici ne ke kashewa, ba rashi ba.

Likita_Binta
Baffa ranka ya daɗe, a tantabara ba na ja da kai. Amma ita wannan mafarauciya ce mai haƙora, kuma Gyaɗa ba yarinya ba ce. Yawancinsu shekara 6 zuwa 8 suke yi a duniya, wasu su kai 10. Wata tsohuwar takan karɓi baƙo, wata kuma ta kama masa wuya ta ƙi saki. In za a kawo wani, a ware shi a wani ɗaki aƙalla sati biyu saboda abin da Hajjo ta faɗa, a riƙa musanya musu tsumma su saba da warin juna, sannan a haɗa su a wurin da ba na kowa ba, ana tsaye a kansu. Gidajen da ke karɓar irin waɗannan dabbobi da yawa sukan yarda ki kawo taki ta gana da nasu, ita ta zaɓa.

Baffa_Mai_Tantabara
To ashe har zance ake kai ta. Allah ya kyauta.

Abu_Hafsa
Kowa na maganar Gyaɗa, ba wanda ya tambayi Khalifa. Shekararsa nawa? Masu dariya su tuna hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Bukhari da Muslim: ƙaninsa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, kuma Annabi (SAW) da kansa yakan tambaye shi, ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun ya yi? A wata ruwayar, tsuntsun ne ya mutu aka ga yaron cikin damuwa. Bai ce masa tsuntsu ne kawai ba. Ki gaya wa yaron gaskiya tun kafin ranar, kar ya dawo makaranta ya tarar da keji da guda ɗaya.

Maman_Khalifa_Leeds
Shekararsa 11, Malam. Wallahi da niyyata in ce masa an kai Ƙuli gona. Na fasa. Amma tunda ka shigo, ita allurar da za a yi masa ya huta fa? Abin na damuna. Babansa ya ce mu bar wa Allah ikonsa.

Abu_Hafsa
Ni ɗalibi ne, ba na ba da fatawa a waya. Ki samu malamin da kika amince da shi a nan garinku, ki faɗa masa daidai abin da likita ta ce: ko akwai sauran magani, da irin wahalar da dabbar ke sha. Da wannan bayanin ne zai ba ki amsa, ba da nawa ba.

Zee_Kaduna
Ku yi haƙuri in karkata kaɗan, a ina zan samu irinsu a Najeriya? Sun burge ni wallahi.

Hajjo_Columbus
@Zee_Kaduna rufa wa kanki asiri. Ba sa jure zafi ko kaɗan, da ya haura digiri 30 a ma'aunin Celsius suna cikin haɗari. Ki tuna watan Afrilu a Kaduna an ɗauke wuta. Ko a nan Amurka ba ko'ina aka yarda da su ba, Kalifoniya da Hawayi sun hana, birnin New York ma haka.

Injiniya_Sadiq
Ƙarin ilimi: mura irin tamu tana kama su, har su yi atishawa kamar mutum. Da su ne masu bincike a Landan suka fara gano ƙwayar cutar mura ta ɗan Adam a 1933. Don haka @Sarkin_Tsokana, ɓeran nan ya fi ka amfani ga duniya.

Sarkin_Tsokana
Na ji, na janye ɓera. Amma tambayata tana nan: kuɗin asibitin nan da an turo gida, marayu nawa zai ciyar?

Ummu_Sultana
Kai kuɗin datar da kake ƙonawa kana tsokanar mutane, marayu nawa ka ciyar da shi? Wa ya ce maka ba ta turawa? Wanda ya ɗaure dabba a gidansa, ci da shanta da jinyarta sun hau kansa. Ka manta matar da ta shiga wuta saboda mage?

Maman_Khalifa_Leeds
Salam. Kwana biyar ban leƙo ba. Ƙuli ya tafi ranar Talata. Allah ya sauƙaƙa mana, bai kai ga allurar ba, daren Litinin numfashinsa ya canza, kafin asuba ya cika a cikin tsohuwar rigar sanyin Khalifa da suke kwana a ciki.

Na yi yadda kuka ce. Na shimfiɗa tawul a falo, muka zauna ni da Khalifa muka yi shiru. Gyaɗa ta zo ta sansana bakinsa, ta tura shi da hanci, ta kama fatar wuyansa tana ja da baya kamar yadda take jan safa in za ta ɓoye. Ta kai shi har bakin kujera, nan ne maɓoyarta. Da ta ga bai motsa ba sai ta kwanta ta ɗora haɓarta a bayansa. Mun fi minti 20 a haka. Daga nan ta tashi ta sha ruwa ta shige rigar. Khalifa ne ya fara kuka, sai ga babansa, mai cewa a bar wa Allah, ya juya yana goge tabarau.

Mun binne shi a bayan gida. Maƙwabcinmu ya ce mu zurfafa ramin mu ɗora dutse saboda dilolin unguwa.

Yanzu matsalar: ba ta nema kam, amma ba ta ci. Tana ɗan lasa ta bari. Yau gram 735. Kuma ina jin tana tauna haƙora, ƙurus-ƙurus.

Baffa_Mai_Tantabara
Allah ya ba Khalifa haƙuri. Amma kun ga abin da na faɗa. Kaɗaici ne.

Likita_Binta
Sannunku Maman Khalifa. Ki kai ta yau, ba gobe ba. Taunar haƙoran nan alamar ciwon ciki ce ko tashin zuciya. Akwai wata ƙwayar cuta, dangin wadda ke sa mutane olsa, da ke zaune a cikin yawancinsu lafiya lau, sai damuwa ta zo ta tayar da ita. Ki duba kashinta, in ya yi baƙi kamar kwalta to jini ne, ki gaya musu.

Ki kuma roƙa a auna sukarin jininta. A shekarunta suna yawan samun ƙari a gaɓar ciki da ke sarrafa sukari (pancreas), ana kiransa insulinoma, sai sukarin ya riƙa faɗuwa. Alamominsa su ne yawan kwanciya, zura ido wuri guda, dalalar miyau, kai hannu baki, raunin ƙafar baya. Kin ga duk sun yi kama da baƙin ciki. Na sha ganin wanda aka ce kewa ce, ashe ita ma ta daɗe da nata ciwon, hankalin gida duk yana kan mai jinya.

Baffa, ko da kaɗaicin ne, ba a kawo wa mai ciwon ciki baƙo.

Hajjo_Columbus
Kafin ku tafi ki gwada mata romo. Cinyar kaza da fatarta, ki dafa ta yi ligif, ki cire ƙashi, ki niƙa da ruwan har ya zama kamar kunu. Ba gishiri, ba magi, ba albasa, ba tafarnuwa, waɗannan biyun na ƙarshe guba ne gare su. Da ɗumi-ɗumi. Kar ki ajiye a kwano ki tafi, ki ɗora ta a cinya ki lakata a yatsa ki shafa mata a leɓe. Nawa sai da na yi haka sau uku kafin ya gane abinci ne. Ɗigon man kifi a kai yana jawo su. Ki ba ta kaɗan duk bayan awa 3 ko 4.

Ɗan_Zinder
Kaza ba gishiri ba yaji. Ko ni aka ba wa sai na yi yajin cin abinci.

Maman_Khalifa_Leeds
Mun dawo. Likitar ta ce alamun olsa ne, ta ba da magungunan sati biyu, har da wani farin ruwa da ake ba ta kafin abinci. Sukari ta ce yana ƙasa-ƙasa amma bai kai na tsoro ba, a sake aunawa bayan wata ɗaya. Ta ce kar in ba ta zuma ko wani abin zaƙi sai in ta faɗi tana karkarwa, shi ma a dasashi zan shafa mu taho asibiti.

Romon Hajjo ya karɓu, amma daga yatsan Khalifa kawai, ni in na miƙa sai ta kau da kai. Ya mayar da kejin ɗakinsa. Da ya dawo makaranta yake sa ta cikin hular rigarsa yana yawo da ita har ya gama aikin gida. @Ɗan_Zinder baban Khalifa ya riga ka, ya buɗe firji da dare ya ɗumama rabin kwanon, da safe yana min ƙorafin na manta gishiri.

Sarkin_Tsokana
Alhaji ya ci abincin makoki. Hajiya ki ce Khalifa ya yi haƙuri, wasa nake yi tun farko. Ni ma akuyar da na raina da bulumboti, ranar da aka sayar da ita ban ci tuwo ba.

Bello_Mambila
Rigar fa, kin wanke?

Maman_Khalifa_Leeds
Ban wanke ba Malam Bello, ko da yake falon ya fara faɗa min magana. Yau kwana 12. Gram 760. Jiya da dare ta sace safar babansa ta kai bayan kujera, karon farko tun kafin Ƙuli ya kwanta. Ba ta yi rawar nan tasu ta tsalle da baya-baya ba tukuna. Barci dai ta fi da, amma dama su masu barci ne, awa 14 zuwa 18 a yini.

Gidan da muka karɓo su sun ce akwai wani namiji ɗan shekara 5 da shi ma ya rasa abokiyar zamansa, in muna so mu kawo ta su gana. Khalifa ya ce ba ya so, wai cin amana ne. Ni kuma ina tunanin yinin da take yi ita kaɗai muna wurin aiki.

Baffa_Mai_Tantabara
Bazawari da bazawara, me ake jira? Ku kai ta.

Hajjo_Columbus
Ta gama magani tukuna, a sake auna sukarin. Kuma ki lissafa, in kin kawo ɗan shekara 5, nan da shekara biyu ko uku ɗayansu zai sake zama shi kaɗai, ki sake neman wani. Haka na yi ta yi har na ce ya isa. Tawa ta ƙarshe ita kaɗai ta yi shekara biyu, a kan ƙafata take barci in ina kallo.

Likita_Binta
Duka biyun na gani sun yi kyau, na kuma ga sun ɓaci. Ki tambaye su ko an yi wa namijin rigakafin distemfa, cutar karnuka da ke kama su, ko an yi masa fiɗiya ko dashen maganin da ke kwantar da sha'awa, da ko za su karɓe shi in ba su jitu ba.

Maman_Khalifa_Leeds
Zan kira su Litinin. Khalifa ya ce zai raka mu amma ba zai sauka daga mota ba. Hajjo, romon nan kwana nawa yake yi a firji kafin ya lalace? Na dafa da yawa, kuma yanzu na rubuta suna a murfin.